Anini Biyu na Gwauruwa: Nazari a kan Mazaunin Labarin Cikin Linjilar Markus da Kalmomin da A Ke Koyar da Shi a Hausa

Cikin labarun da Kirista su ke kafa hujja da su a kan bayarwa ta sadaukar da kai, da wuya a sami wanda ya kai labarin gwauruwar nan matalauciya shahara. Yana cikin Linjilar Markus, sura 12, daga aya 41 zuwa 44, yana kuma cikin ta Luka, sura 21, daga aya 1 zuwa 4. Aya huɗu ne kacal a kowane wuri, amma ana karanta shi a majami'u ranar neman gudummawa, ana koyar da shi a makarantu, kuma ma'anar da aka saba ba shi guda ɗaya ce: mace ce wadda ba ta da kome, ta ba da ɗan abin da ya rage mata sabo da dogara ga Allah, aka yaba mata, don haka kowa ya yi koyi da ita.

Nufinmu a wannan takarda shi ne mu duba labarin yadda a ke duba kowane rubutaccen adabi, watau mu ga inda mawallafi ya ajiye shi, da abin da ya gabace shi, da abin da ya biyo bayansa, da abin da ya faɗa, da wanda ya yi shiru a kai. Muhawarar addini ba ta cikin aikinmu. Abin da mu ke so mu nuna shi ne, wanda ya tsame ayoyin nan daga mazauninsu rabin ma'ana ya samu, rabin da ya bari kuwa shi ne wanda ya ke kare matalauci. Tun da ya ke malamai da yawa da Hausa su ke koyar da labarin, za mu kuma duba yadda kalmominmu su ke iya karkata shi.

I. Abin da labarin ya ƙunsa

Ga yadda Markus ya tsara abin. Yesu ya zauna a Haikalin Urushalima daura da ma'ajin baiko, yana kallon jama'a suna zuba kuɗi. Mawadata da dama suka zuba mai yawa. Wata gwauruwa matalauciya ta zo ta jefa 'yan tagulla biyu. Sai ya kira almajiransa ya shaida musu cewa nata ya ɗara na kowa, domin sauran rarar dukiyarsu suka taɓa, ita kuwa ba ta bar wa kanta kome ba. A nan labarin ya tsaya.

Littafin Mishna, wanda malaman Yahudawa suka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, ya ce akwatunan karɓar kuɗi 13 ne a Haikali, kowanne da siffar ƙaho. Kuɗin zamanin duk na ƙarfe ne, kuma a bainar jama'a a ke zubawa, sabo da haka mai kallo yana iya sanin wanda ya zuba da yawa da wanda ya zuba kaɗan.

Sunan kuɗin da matar ta zuba a Helenanci lepton, shi ne mafi ƙanƙanta a cikin kuɗin da a ke kashewa a ƙasar. Markus ya bayyana wa masu karatunsa cewa guda biyu daidai su ke da kwadrans ɗaya na Romawa. Kwadrans 64 su ke yin dinari ɗaya na azurfa, dinari kuwa, bisa ga misalin ma'aikatan gona da ke cikin Matiyu sura 20, shi ne ladan ɗan ƙodago na yini guda. In yinin aiki sa'a 12 ne, to, abin da ta zuba bai kai ladan rubu'in sa'a ba. Bahaushen da ya san kuɗin da a ke kashewa a Nijeriya zamanin Turawa zai ce anini biyu, watau ɗan kuɗin nan mai huda a tsakiya wanda goma su ke yin kwabo. Da wannan suna za mu kira shi a nan, ko da ya ke malami na yanzu sai ya tsaya ya yi bayani, gama ɗaliban da aka haifa bayan zuwan naira a 1973 ba su san anini ba sai a bakin tsofaffi.

Akwai gwaninta a cikin adadin. Da guda ɗaya ne a hannunta, da zaɓinta biyu ne kawai, ta bayar ko ta hana. Da ya ke biyu ne, tana da ikon ta ba da ɗaya ta riƙe ɗaya, kuma ko da ta yi haka ta ba da rabin dukiyarta, abin da babu mawadacin da ya yi. Da kalma guda mawallafin ya nuna cewa ƙofar ragi a buɗe ta ke, ba ta bi ta nan ba.

II. Mazaunin labarin

Yanzu sai mu ja da baya aya uku. Daga aya 38 zuwa 40 Yesu yana gargaɗin jama'a game da malaman Attaura. Ya siffanta su da son yawo cikin manyan riguna, da son gaisuwa a kasuwa, da neman wurin zama na gaba a majami'a da wurin biki. Sa'an nan ya kawo tuhuma mafi nauyi, cewa suna cinye gidajen gwauraye, suna fakewa da doguwar addu'a, kuma hukuncinsu zai fi tsanani. A cikin Linjilar Markus duka, kalmar nan ta gwauruwa sau uku ta fito, a aya 40 da 42 da 43 na wannan sura. Mawallafin da bai ambaci gwauruwa ba cikin sura goma sha ɗaya, sai ga shi ya faɗi yadda a ke cinye gidanta, aya biyu a gaba kuma ya kawo ta a tsaye da anini biyu, lalle yana so mai karatu ya haɗa biyun. Tambayar da ta ke tasowa ita ce, me ya sa anini biyu kaɗai suka rage mata?

Sai mu matsa gaba aya ɗaya. Suna fita daga Haikali, wani almajiri ya nuna mamakin girman duwatsun ginin da kyansa. Yesu ya amsa da cewa za a rushe shi sarai har dutse ba zai zauna a kan ɗan'uwansa ba. Wannan gini Sarki Hirudus ne ya fara sabunta shi wajen shekara 20 kafin miladiyya, ba a gama aikin ba sai 'yan shekaru kaɗan kafin rundunar Romawa a ƙarƙashin Titus ta ƙone shi a shekara ta 70. Mafi yawan manazarta suna ganin an rubuta Markus dab da wannan shekara, ko kafinta kaɗan ko bayanta kaɗan. Masu karatu na farko ke nan sun san, ko suna jiran, ƙarshen gidan da matar ta zuba abincinta a ciki. A sura 11 kuma an riga an nuna musu Yesu yana korar masu ciniki daga wannan gida, yana kwatanta shi da maɓoyar 'yan fashi.

Me ya hana masu karatu na baya ganin wannan jeri? Babban dalili shi ne rabon surori. Tsofaffin rubuce-rubucen hannu ba su da lambar sura ko ta aya irin tamu. Rabon surorin da a ke amfani da shi yanzu ana danganta shi ga Stephen Langton, babban limamin Kantabari a Ingila, wanda ya rasu a 1228, lambar ayoyin Sabon Alkawari kuwa Robert Estienne, maɗabi'i mutumin Faransa, ya sa ta a bugunsa na 1551. A cikin Markus yankan ya faɗa tsakanin gwauruwa da zancen rushewar Haikali. A cikin Luka, wanda ya bi jerin Markus daidai, yankan ya faɗa tsakanin tuhumar malamai, a ƙarshen sura 20, da gwauruwa, a farkon sura 21. Duk wanda ya ke karatu sura sura, ko wanne littafi ya ɗauka, an raba shi da gefe ɗaya na labarin. Wanda kuwa a ke karanta wa ayoyi huɗun kaɗai an raba shi da gefen biyu.

Linjilar Matiyu ta ƙara mana wata shaida. In mun bi ra'ayin mafi yawan masana cewa Matiyu yana da Markus a gabansa sa'ad da ya ke rubutu, za mu ga ya faɗaɗa tuhumar malamai ta zama sura 23 cikakkiya, ya bi ta da rushewar Haikali a sura 24, amma babu gwauruwa mai anini biyu. Ayar cinye gidajen gwauraye ma, wadda waɗansu bugu su ke sawa a 23:14, ba ta cikin rubuce-rubucen hannu mafi tsufa. Tare suka zo a Markus da Luka, tare suka fita a Matiyu.

III. Yabo ne ko kuka?

Tun daga zamanin Yohanna Kirisostom, mai wa'azin Antakiya da Kustantiniya wanda ya rasu a 407, masu sharhi yabo su ke gani a cikin maganar Yesu. A 1982 Addison G. Wright ya buga maƙala a mujallar Catholic Biblical Quarterly ya ce abin kuka ne. Hujjarsa mafi ƙarfi daga cikin Markus kansa ta fito. A sura 7 Yesu ya zargi malamai a kan al'adar korban, inda mutum zai keɓe dukiyarsa ga Allah don kada ya ciyar da iyayensa da ita. Wanda ya ƙi a hana tsofaffi abinci da sunan ibada, in ji Wright, ba zai yi murna ya ga gwauruwa ta rasa na cefane da sunan ibada ba. A ganinsa an koya mata ne ta yi haka, kuma masu koyarwar su ne waɗanda aka tuhuma a aya 40.

Attaura tana goyon wannan karatu ta wani gefe. Littafin Fitowa sura 22 ya hana a wulakanta gwauruwa da maraya. Maimaitawar Shari'a sura 14 ta ce a kowace shekara ta uku a tara ushirin amfanin gona a cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi, sura 24 kuma ta hana a karɓi tufarta jingina, ta ce a bar mata kalar gona. Bisa ga shari'ar da malaman nan su ke koyarwa, gwauruwa mai karɓa ce. Ganin ta tana bayarwa har ta ƙare, su kuwa suna yawo da manyan riguna, alama ce cewa an kifar da tsarin.

Duk da haka ba mu ganin Wright ya kama zancen duka. Elizabeth Struthers Malbon ta amsa masa a mujallar nan ɗaya a 1991, ta nuna cewa labarin yana da mazauni fiye da ɗaya, kuma wanda ya tsaya ga ayoyin da ke maƙwabtaka da shi kaɗai ya manta da tsarin littafin duka. Abu uku su ke ƙarfafa wannan. Na fari, Markus ya ce Yesu ya kira almajiransa, ya kuma buɗe magana da kalmar tabbatarwa da ya kan yi amfani da ita in zai faɗi babban abu. Wannan salon koyarwa ne. Na biyu, kalmar ƙarshe da aka siffanta abin da ta bayar da ita, bios a Helenanci, tana ɗaukar ma'ana biyu, abin zaman gari da kuma rayuwa kanta. Labarin ya zo a kwanakin ƙarshe kafin a kama Yesu, wanda a sura 10 ya riga ya ce zai ba da ransa fansa. Mai karatu yana ganin matar da ta ba da duka dab da mutumin da zai ba da duka. Na uku, doguwar maganar sura 13 a kan wahalar da ke tafe mata biyu ne suka sa ta a tsakiya. Gabanta ga gwauruwa da anini biyu, bayanta, a sura 14, ga matar da ta fasa tulun turare wanda aka ƙiyasta kuɗinsa ya haura dinari 300 ta zuba wa Yesu a ka. Turaren ya ninka aninan sau dubu goma sha tara da ɗoriya, amma mawallafin ya auna su da ma'auni ɗaya, kowacce ta yi iyakar abin da ta iya. Ga kuma mawadacin sura 10, wanda aka ce ya sayar da abin da ya mallaka ya ba matalauta, ya juya da baƙin ciki. Shi aka umurta ya kasa, ita ba a umurce ta ba ta yi.

Ra'ayinmu shi ne, ayoyin suna ɗauke da abu biyu a lokaci guda, kuma ƙarfinsu daga nan ya ke. An girmama matar, an kuma hukunta gidan da ya karɓa. Marubucin kirki ya kan yi haka, ya nuna nagartar wanda aka zalunta domin munin zaluncin ya fito fili. Wanda ya ce yabo ne kawai ya wanke malamai, wanda ya ce kuka ne kawai ya mai da matar wawiya.

A nan ya kamata a lura da wuraren da Markus ya yi shiru. Bai ce a yi koyi da ita ba, alhali kuwa a misalin Basamariye mai tausayi, cikin Luka sura 10, an rufe da umurnin a je a yi haka. Yesu bai yi mata magana ba, ba a ce ta san an gan ta ba. Ba a faɗi abin da ke zuciyarta ba. Mafi muhimmanci, ba a faɗi abin da ta ci a daren nan ba. A gwada wannan da labarin gwauruwar Zarefat a littafin Sarakuna na fari, sura 17, wadda ta ciyar da Annabi Iliya da ɗan garin da ya rage mata a lokacin fari. A can annabin ya yi mata alkawari tun kafin ta bayar, garinta da manta kuma ba su ƙare ba. A Markus babu alkawari, babu sakamako da ido ya gani. Mai wa'azin da ya ce wa talaka ya ba da duka za a ninka masa, ya ari ƙarshen wani labari ya ɗaura wa wani.

IV. Bangaskiya mai jimiri

Wannan shiru shi ne ya haɗa labarin da koyarwa a kan bangaskiya mai ɗorewa. A sura 13 ta Markus, wadda ta biyo baya, an gaya wa almajirai za a kai su gaban majalisu, a doke su, dangi su bashe su, ceto kuwa na wanda ya jure har ƙarshe ne. Luka ya maimaita wannan a 21:19, cikin surar da gwauruwa ta buɗe. Kalmar Helenanci a nan hupomone ce, asalinta zama a ƙarƙashin kaya ba tare da zamewa ba. Ita ce a Ibraniyawa sura 12, inda aka kwatanta rayuwar mai bi da tseren gudu, bayan sura 11 ta lissafa mutanen dā waɗanda suka mutu ba su karɓi abin da aka yi musu alkawari ba. Akwai wata kalma dabam, makrothumiya, mai nufin jinkirin fushi ga wanda ya yi maka laifi.

Hausa tana da haƙuri, tana da jimiri da juriya da daurewa da naci. Haƙuri babban ginshiƙi ne a halin Bahaushe, kamar yadda A. H. M. Kirk-Greene ya nuna a laccarsa kan mutumin kirki wadda aka buga a 1974, kuma mun san a kan ce mahaƙurci mawadaci. Amma haƙuri faffaɗar kalma ce. Da ita a ke lallashin wanda aka yi wa rasuwa, da ita kuma a ke ce wa wanda aka cuta ya bar maganar. In malami ya fassara hupomone da haƙuri bai ƙara bayani ba, ɗalibi zai iya jin cewa an umurci gwauruwa ta yi shiru a kan gidanta da aka cinye. Luka da kansa ya toshe wannan hanya. A sura 18 ya kawo misalin wata gwauruwa da ta dinga zuwa wurin alƙali marar tsoron Allah tana neman hakkinta, har ya gaji ya bi mata. An kawo misalin ne don a koyar da rashin karaya a addu'a, aka kuma rufe shi da tambaya a kan ko za a tarar da bangaskiya a duniya. Halin da aka yaba a nan naci ne. A littafin Luka gwauruwa mai neman hakki da gwauruwa mai bayarwa suna tsaye kusa da juna, sura uku ce tsakaninsu. Jimiri ya fi haƙuri dacewa da hupomone, domin jimiri yana nuna mai ci gaba da aiki cikin wuya, haƙuri kuwa a bar wa makrothumiya.

V. Iyakar da Bulus ya sa

Wanda ya ke so ya san yadda Kirista na farko suka tsara bayarwa a aikace, sai ya duba wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korantiyawa, sura 8 da 9, wadda aka rubuta wajen shekara ta 55 ko 56, kafin a rubuta Markus. Bulus yana tara gudummawa daga jama'o'in Makidoniya da Akaya domin matalautan masu bi na Urushalima. Ya yabi mutanen Makidoniya da cewa cikin tsananin talauci sun ba da fiye da ƙarfinsu, da son ransu, har su ne suka roƙa a bar su su shiga. To, amma da ya juyo ga mutanen Koranti bai mai da wannan doka ba. Ya ce abin karɓa shi ne wanda aka bayar gwargwadon abin da mutum ya ke da shi. Ya ce ba nufinsa ba ne waɗansu su huta waɗansu su ƙuntata, daidaito ya ke nema, rarar wannan ta toshe rashin wancan yau, gobe kuma a juya. Ya kafa hujja da labarin manna a Fitowa sura 16, inda mai tara da yawa bai yi rara ba, mai tara kaɗan bai rasa ba. Ya hana bayarwa ta dole ko ta ɓacin rai. Ya kuma sa jama'a su zaɓi wakilan da za su raka kuɗin, don kada a zarge shi a kansu.

Sharuɗɗa huɗu ke nan: son rai, gwargwadon hali, matalauta su ne masu karɓa, da riƙon amana a fili. In aka auna ma'ajin Haikali yadda Markus ya nuna shi da wannan ma'auni, za a ga son ran matar kaɗai ya tsaya. Sadaukarwa a wurin Bulus abu ne da mai bayarwa ya ke zaɓa, mai karɓa ba shi da ikon ya nema.

VI. Kalmomin Hausa

Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, bayan aikin shekaru da Likita Walter Miller na mishan ɗin Zariya da abokan aikinsa suka yi. Kalmomin da Kirista masu jin Hausa su ke amfani da su a wannan fanni sun cancanci a tsaya a kansu.

Bangaskiya ita ce ta fari. Musulmi imani su ke cewa, daga Larabci, Kirista kuwa suka riƙi kalma ta gida, wadda gininta ɗaya ne da ban girma da ban kwana da ban ruwa, watau ba da gaskiya. A Hausa ke nan gaskatawa kanta bayarwa ce. Wannan sa'a ce ga mai koyar da labarin, gama yana iya nuna cewa abin da aka auna a wurin matar amincewa ne, aninan kuwa alama ce. Haɗarin shi ne a juya zancen, a mai da yawan abin da mutum ya zuba ma'aunin bangaskiyarsa, wanda shi ne ainihin lissafin da labarin ya rushe.

Baiko a majami'a shi ne abin da a ke zubawa da son rai, kuma ya dace da abin da matar ta yi. Sadaka tana nufar da hankali ga matalauci mai karɓa, alhali nata ma'ajin Haikali ya shiga. Hadaya tana kawo zancen yanka da bagade. Zakka, wadda a majami'u da yawa a ke kiran ushiri da ita, tana da nisabi a kunnen Bahaushe, watau akwai iyakar dukiyar da wanda bai kai ta ba ba a karɓa daga gare shi, shi a ke ba. Wannan tunani ya yi kusa da na Maimaitawar Shari'a, kuma ɗalibin da ya taso da shi zai riga malaminsa ganin abin da ba daidai ba a wurin ma'ajin.

Gwauruwa kuma, wadda ita aka saba ji a majami'u, ba ta cika ɗaukar nauyin asalin ba. A bakin jama'a gwauro da gwauruwa waɗanda ba su da aure ne a halin yanzu, ko ta mutuwa ko ta rabuwa, har a kan haɗa da zolaya. Bazawara tana sa a tuna da mai jiran wani aure, mai takaba kuwa kwanaki ne ƙididdigaggu. Wadda Markus ya ke nufi mace ce da mijinta ya mutu, ba ta da mai tsaya mata a gaban shari'a ko a kasuwa, shi ya sa a ke iya cinye gidanta. Dole malami ya faɗi wannan da bakinsa.

Shawararmu ga malaman kwalejojin horon malamai a taƙaice ita ce, a karanta wa ɗalibai daga Markus 12:38 har zuwa 13:2 a zama ɗaya, ba tare da tsayawa a kan lambar sura ba. A sa su lissafa da kansu abin da nassin ya faɗa da abin da masu sharhi suka ƙara. A ajiye Korantiyawa ta biyu sura 8 a gefe don gwadawa. A kuma tambaye su wa a ke yi wa magana a cikin labarin. Za su tarar ba a ce wa matar kome ba. Jama'a aka yi wa gargaɗi game da malamai, almajirai aka kira su duba, su ne kuwa waɗanda daga baya za su zama shugabannin jama'a masu karɓar baiko. Ɗalibin da zai fita ya zama malami ko mai riƙe da kuɗin jama'a, ko wane addini ya ke bi, a sahunsu ya ke tsaye sa'ad da ya ke karanta ayoyin nan.